Gwajin jini na ƙwayar halitta da ciwon barcin dole (nakolefsi): amsoshin tambayoyin da kuke ta turo min

Assalamu alaikum jama'a. Tunda labarin autanmu ya zaga tsakanin 'yan uwa a nan Jidda da Makka, ba a kwana biyu wata ba ta kira ni ko ta turo min murya a WhatsApp ba, wai "Anti wane tahalil, wato gwajin asibiti, ne aka yi wa yaronku aka gano, mu ma mu je a yi wa namu." Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya shi ya sa na zauna na haɗa tambayoyin wuri guda. Ni ba daktura ba ce, tafinta nake yi wa mutanenmu a asibiti, amma shekara bakwai muna yawo da yaron nan daga mustausaf, wato ƙaramin asibiti, zuwa mai ruƙiyya kafin a kira ciwon da sunansa, toh abin da na ji a bakin likitocin barci da wanda na karanta shi zan faɗa. Kuma tun daga bakin ƙofa ku riƙe wannan, gwajin jinin nan in ya ce "babu" maganarsa na da nauyi, in ya ce "akwai" kusan bai faɗa miki komai ba.

Anti wai menene ma ciwon? Ba yawan barci ba ne kawai irin na samarin yanzu masu kwana a kan waya?

Ba shi ba ne. Larabawa na ce masa annaumul ƙahari, wato barcin dole, likitoci kuma nakolefsi, sunan da wani likitan Faransa mai suna Gélineau ya raɗa masa a 1880. Can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyi 'yan kaɗan da ke samar da wani sinadari da ake kira oreksin, wasu su ce haifokiretin, abu ɗaya ne suna biyu saboda masu bincike kashi biyu ne suka gano shi kusan lokaci guda a 1998 kowa ya sa masa nasa sunan. Aikinsa riƙe mutum a farke da kuma hana barcin mafarki shigowa ba lokacinsa ba. A 1999 Emmanuel Mignot na jami'ar Stanford a Amurka ya gano cewa karnukan da yake bincike a kansu, masu zubewa ƙasa in an kawo musu abinci, matsalarsu daga hanyar wannan sinadarin take, sai a 2000 aka tabbatar a jikin mutane cewa masu ciwon sun rasa kusan kashi 90 cikin 100 na waɗannan ƙwayoyin.

In suka tafi sai ƙofar da ke tsakanin farke da barci ta zama ba sakata. Autanmu yana shekara 16 abin ya soma, ranar da ba zan manta ba muna zaune an shimfiɗa ledar buɗa baki, ga shurba ga sambusa, ana jiran kiran Magariba, ladan ya kira kowa ya kai dabino baki shi kuwa nasa na hannu kansa ya langaɓe a kafaɗar Umma, yaron da ya yini da yunwa fa. Kawunmu ya ce iskanci ne.

Sai kuma abu na biyu wanda shi ya fi ba mu tsoro, in aka ba shi dariya sosai sai ka ga haɓarsa ta saki, ido ya lumshe, gwiwa ta lanƙwashe, kofin shayi ya suɓuce, daƙiƙa goma ko ashirin ya dawo daidai kuma duk abin da aka faɗa a kansa ya ji. Wannan shi ne katafileksi. Mai shi, ko wanda aka auna aka ga oreksin ɗinsa ya yi ƙasa, shi ke da nau'i na 1. Wanda ke da barcin amma ba zubewa kuma oreksin ɗinsa lafiya lau, nau'i na 2 kenan. Ku riƙe bambancin nan don duk maganar gwajin jini a kansa take tafiya.

Shi ne ciwon barcin da ƙudan tsando ke sawa?

A'a sam. Wancan ƙwayar cuta ce da cizon tsando ke sa wa mutum a jini, ana samunsa a irin su Kongo da Sudan ta Kudu, yana zuwa da zazzaɓi da kumburin kaluluwa kuma yana kisa in ba a yi magani ba. Wannan namu ba cizo ba ne, ba a ɗauka a wurin wani, ba ya kisa da kansa sai dai haɗarin da barcin zai jawo.

Toh shi gwajin jinin me yake dubawa?

Kowace ƙwayar jikinmu tana ɗauke da wata shaida da ake kira HLA, ku ɗauke ta kamar iƙama, wato katin shaidar zama a Saudiyya, da ita sojojin jiki ke gane ɗan gida da baƙo. Gadonta ake yi, rabi daga uwa rabi daga uba, tana kan kuromosom na 6, wato ɗaya daga cikin ƙunshin gado da ke cikin ƙwayar jiki, kuma ita ce dai ake dubawa in za a yi dashen ƙoda ko ɓargo a ga ko jinin mutum biyu ya zo ɗaya. Nau'o'inta suna da yawan gaske, guda ɗaya a ciki ita ce ake nema a nan, sunanta a takarda HLA-DQB1*06:02. Likitocin Jafan ne suka fara lura tun wajen 1983 cewa kusan duk masu wannan ciwon da suka auna HLA ɗinsu iri ɗaya ne, daga baya aka tace aka gano ainihin wadda ce.

Abin da masana suka fi karkata a kai shi ne sojojin jikin mutum ne da kansu suke kuskure su far wa ƙwayoyin oreksin, kuma wannan nau'in shaidar shi ke sauƙaƙa kuskuren. Kenan gwajin ba ciwon yake gani ba, ba ya auna barci, ba ya auna oreksin, kawai yana faɗa miki ko kina da wannan shaidar ko ba ki da ita.

In sakamako ya fito babu fa, shikenan mun tsira?

Nan ne amfaninsa yake. Masu nau'i na 1 sama da kashi 90 cikin 100 suna da shaidar, a wasu binciken ma har kashi 98, saboda haka in aka duba ba a same ta ba da wuya ƙwarai a ce nau'i na 1 ne, likita zai juya ya nemi wani dalilin. Amma "da wuya" na ce ban ce "ba zai yiwu ba", akwai 'yan tsiraru da ke da ciwon ba shaidar, musamman wanda nasa ya biyo bayan buguwa a kai ko ƙari a ƙwaƙwalwa.

Kuma nau'i na 2 bai shiga wannan lissafin ba, su kusan rabi ne ko ƙasa da haka ke da ita, toh kinga mutum zai iya fitowa babu alhali yana da nau'i na 2 ɗin. Wata baiwar Allah a Makka ta kira ni tana murna wai sakamakon 'yarta ya fito babu don haka ta soke mau'idin ɗakin barci da suka yi wata uku suna jira, wallahi sai da na ji kamar in yi kuka, yarinyar tana nan tana barci a aji kamar yadda take yi, takardar ba ta tashe ta ba.

Namu ya fito akwai. Yaya dan Allah faɗa min gaskiya, yana da ciwon ko?

Kwantar da hankalinki ƙanwata. Wannan shaidar ta cika gari. A cikin mutane masu lafiya ƙalau waɗanda ba su taɓa gyangyaɗi a bakin aiki ba, tsakanin kashi 12 zuwa 38 cikin 100 suna da ita, ya danganta da jinsin mutanen, Jafanawa ne a ƙasa, Turawa wajen kashi 25, baƙar fata kuma a binciken da aka yi a Amurka su ne a sama. Shi kuwa ciwon kansa wajen mutum 1 ne cikin 2000, a nan Saudiyya ma wani bincike da aka yi gida-gida a Suƙba kusa da Khubar aka buga a 1993 ya samu kusan 40 cikin 100,000.

Yi lissafin da kanki. Tara mutum 2000, ki ce kashi 25 ne ke da shaidar, mutum 500 kenan, a cikinsu mai ciwon ɗaya ne tak ko makamancin haka. Ko kuma ki leƙa bas ɗin alhazai mai cin mutum 50 da ke tashi daga Makka zuwa Madina, wajen goma sha biyu a ciki in an auna za a samu, kuma duk cikinsu ba mai komai sai gajiyar ɗawafi. Mu da muke baƙar fata ma "akwai" ɗinmu ya fi na kowa rashin nauyi tunda ta fi yawa a cikinmu. Ni kaina na yi gwajin don son sani, ina da ita, shekarata 38 kuma in ba na kwanta ba barci ba ya ɗaukata ko a mota.

Shi ya sa a ƙa'idojin da likitocin barci na duniya ke bi wajen yanke hukuncin ciwon, wannan gwajin ba ya cikin sharuɗɗa. Duk wanda ya kalli takardar jini kaɗai ya ce miki ɗanki na da nakolefsi, nemi wani likitan.

Wani abin mamaki da daktan autanmu ya faɗa min, wannan shaidar dai da muke tsoro tana cikin masu kare mutum daga ciwon sukari nau'i na 1, irin na yara. Ikon Allah kenan.

In haka ne me ya sa likita zai rubuta shi? Ba cin kuɗi ba ne?

Wani lokacin cin kuɗin ne gaskiya, in an rubuta wa mutumin da ko tarihin barcinsa ba a tambaya ba. Amma yana da wurinsa. Babban wurin shi ne kafin a ɗebi ruwan baya don auna oreksin, likita mai hankali zai fara da jini, in ya fito babu toh kusan tabbas oreksin zai fito daidai, sai a hutar da mutum allurar baya. Haka in zubewar ba ta fito sarai ba, mutum na cewa jikinsa na mutuwa amma ba a gane ko katafileksi ba ne ko wani abu daban, ko ƙaramin yaro da gwajin barcin rana bai cika zama daidai a kansa ba, ko wanda ke shan maganin damuwa da ba za a iya tsayar masa ba kuma maganin na ɓata gwajin barci. A irin waɗannan "babu" na rage wa likita hanya.

Ya ake yinsa? Sai an je ba a ci komai ba? Yana karya azumi?

Jini ne kaɗan a hannu cikin 'yar kwalba mai murfi shuɗi-ja irin ta ƙirgen jini, wasu wuraren ma auduga suke gogawa a cikin kumatu. Ba sai da yunwa ba, ci ki sha abinki, magungunan da kike sha ba sa canza shi, kuma sau ɗaya ake yi a rayuwa don abin da aka haife ki da shi ba ya sauyawa, kar wani ya ce ki dawo bayan wata shida a sake. Sai dai wanda aka taɓa yi wa dashen ɓargo ko aka ƙara masa jini kwanan nan ya faɗa musu tun kafin a ɗiba, don jinin zai iya nuna shaidar wanda ya ba shi.

Ba kowane ɗakin tahalil ke yi a wurinsa ba, da yawa turawa suke, namu ya ɗau kwana goma sha biyu. Ki tabbatar an rubuta DQB1*06:02 ɗin a takarda, don akwai tsohon gwaji na DR2 ko DR15 da aka fara amfani da shi, wanda a jikin baƙar fata yana yawan kuskurewa, mutum na da ciwon ya fito babu. Wannan maganar ta shafe mu kai tsaye. Masu ta'amin, wato inshorar lafiya, kuma a nemi muwafaƙa, amincewar kamfanin, tukuna, mu sai da aka ɗebi jinin sannan aka ce ba su biya, daga aljihu muka fitar.

Azumi kuwa, malamai da dama ciki har da Shehi Bin Baz sun ce ɗan jinin da ake ɗiba don gwaji ba ya karya shi. In zuciyarki ba ta natsu ba ki je bayan Isha'i, ai a Ramadan ɗakunan tahalil na buɗe da dare.

Ai mun yi gwajin aure, an ce mu AA ne, ba a ciki yake ba?

Ba ya ciki. AA da AS da SS maganar sikila ce, hanyarsu daban. Gwajin kafin aure da aka wajabta a Saudiyya tun 2004 sikila da talasimiya yake dubawa, a 2008 aka ƙara ciwon hanta B da C da ƙanjamau. Ba ruwansa da HLA.

Toh da me ake gane ciwon na gaskiya?

Da kwana a ɗakin barci, ba wata gajeriyar hanya. Kafin nan likita zai sa ki rubuta lokacin kwanciya da tashi na sati ɗaya ko biyu, wasu su ɗaura miki wani abu kamar agogo da ke lissafa motsi, akwai kuma 'yar takardar tambayoyi takwas ta Epworth mai maki 24, wanda ya haura 10 barcinsa ya wuce ƙima. Sai daren gwaji, a manna wayoyi a kai da gefen ido da haɓa da ƙirji da ƙafa, autanmu da na gan shi sai da na yi dariya shi ma ya yi, take gwiwarsa ta saki a gaban ma'aikaciyar, ta ce to ga rabin amsa nan tun ba a kunna na'ura ba. Daren ana duba ko numfashi na ɗaukewa, kuma ana so mutum ya samu aƙalla awa 6.

Washegari ne ainihin gwajin, MSLT suke ce masa. Sau biyar za a kashe fitila a ce kwanta, kowane bayan awa biyu, a ba ka minti 20 a ga ko barci zai ɗauke ka, tsakani kuma ba gyangyaɗi ba gahawa ba shayi. In aka haɗa aka raba aka ga barci na ɗaukarka cikin minti 8 ko ƙasa, kuma aƙalla sau biyu ka faɗa barcin mafarki cikin minti 15 da yin barci, toh wannan ita ce alamar, don mai lafiya sai ya yi wajen minti 90 kafin ya kai barcin mafarki. Namu ko minti biyu ba ya kaiwa.

Ga inda rayuwarmu ta nan ke shigowa. Mu mutanen Jidda dare ne ranarmu, a yi hira har ƙarfe uku, a yi Asuba sannan a kwanta, Ramadan kuwa ba a magana, ga masu aikin dare a shaguna da otal-otal na kusa da Harami. Mutumin da barcinsa ke juye haka ko wanda ba ya samun isasshe, in aka yi masa gwajin nan zai iya fitowa kamar mai nakolefsi alhali bashin barci ne ke binsa. Don haka kar ki karɓi mau'idi cikin azumi ko satin Sallah ko ana gama aikin Hajji, a bari barci ya koma dare na sati biyu tukuna. Magungunan damuwa ma yawanci ana tsayar da su wajen sati biyu kafin gwajin, amma likita ne zai tsara yadda za a rage, kar ki yanke da kanki.

Allurar baya fa? An ce tana gurgunta mutum.

Wannan maganar tun muna yara ake yinta. Ana sa allurar ne can ƙasan baya, ƙasa da inda igiyar lakka ta ƙare, wuri ɗaya da inda ake yi wa mata allurar tiyatar haihuwa. Abin da ta fi jawowa ciwon kai ne na 'yan kwanaki wanda ke lafawa in an kwanta. In oreksin ya fito 110 ko ƙasa a ma'auninsu an gama magana, nau'i na 1 ne. Ba kowa ake yi wa ba, autanmu ba a yi masa ba tunda zubewarsa a fili take kuma gwajin barci ya nuna.

Hajiya gado ne? Yaron da ke neman 'yata ƙaninsa na da shi, kuma dama 'yan uwa ne.

Shaidar ana gadonta, ciwon kuwa ba kasafai ba. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan uwansa ciki ɗaya ke da shi, haɗarinsa wajen kashi 1 zuwa 2 ne cikin 100, ya fi na sauran mutane amma ki juya lissafin, 98 lafiya lau. Ko tagwaye masu kama ɗaya sak da komai nasu na halitta ɗaya ne, in ɗaya na da shi wajen kashi 25 zuwa 30 ne kawai ɗayan ma ke samu. Mu takwas ne a ɗakinmu, shi kaɗai ne.

Ni dai a ganina zalunci ne a fasa aure a kan wannan, kuma kar a fara kai masu neman aure gwajin HLA, in aka fara kashi ɗaya cikin huɗu na garin nan ba mai aure. Haka masu tambaya ko su kai sauran yaran gida a auna su, yaron da ba ya nuna komai a bar shi, in ya fito akwai ba abin da za a yi masa don ba rigakafi, sai dai ku sa wa kanku fargaba duk ya yi hamma ku ce ya fara. Ido za ku sa, ciwon ya fi farawa wajen shekara 15, wasu kuma wajen 35, a ƙananan yara yakan zo da ƙiba farat ɗaya da sakin fuska da zaro harshe.

In ba gado kaɗai ba, me ke tayar da shi?

Ana ganin sai wani abu ya zo ya tunzura sojojin jiki, an fi zargin mura mai ƙarfi da ciwon maƙogwaro na ƙwayar sitiref. Babban misali lokacin murar aladu ta 2009, a Finlan da Suwidin yara masu ciwon suka ƙaru sosai bayan wata allurar rigakafi mai suna Pandemrix, kuma kusan dukkansu masu wannan shaidar ne, a Sin kuma ƙaruwar ta biyo bayan murar kanta a 2010 a wurin da yawanci ba su yi allura ba. Waccan allurar an daina amfani da ita, ba ita ce ta sanƙarau da ake yi wa alhazai ba, ba kuma ita ce ta murar shekara-shekara ba, kar wani ya yanki rabin maganata ya tura a guruf.

Mu dai an ce mana aljanu ne, dannau ke danne shi yana ganin mutane a ɗaki.

Mu ma haka aka ce mana, kuma ba na ganin laifin wanda ya faɗa don kamannin sun yi yawa. Dannau, wanda Larabawa ke kira jasum, da ganin wani tsaye a bakin gado ko jin ana kiran sunanka daidai lokacin da barci zai ɗauke ka, duk suna cikin alamomin ciwon nan, mafarki ne ke shigowa mutum bai gama barci ba, jiki kuma ya saki kamar yadda yake saki a barcin mafarki. Amma dannau shi kaɗai ba ciwon ba ne, mutane da yawa masu lafiya yana samunsu jefi-jefi musamman in ba su yi barci sosai ba.

Addu'a da azkar da ruƙiyya ta shari'a ba wanda ya hana, Umma har gobe tana tofa masa a zamzam, amma a haɗa da asibiti, kuma dan Allah a daina duka da hayaƙi. Abin da ya fi ci min rai in na tuna shi ne marin da yaron nan ya sha a kan barci a sahun Tarawihi, ana ce masa munafuki, alhali ko a hadisi an ɗauke alƙalami daga mai barci har ya farka. Ba farfaɗiya ba ce kuma, wani likita ya ɗora shi a kan maganinta kusan shekara barcin ya ƙaru, mai farfaɗiya yawanci hankalinsa na gushewa, mai katafileksi yana jin komai kuma dariya ko mamaki ko fushi ne ke kawo ta. In za ku iya ku ɗauki bidiyo a waya, ya fi bayanin awa guda.

An ce babu, gwajin barci ma bai nuna ba, amma har yanzu barci nake kamar kasa.

Toh a koma kan abubuwan da suka fi yawa. Na farko rashin isasshen barci, wanda ke kwanciya ƙarfe uku ya tashi bakwai ba ciwo ke damunsa ba. Na biyu ɗaukewar numfashi cikin barci, mai minshari da ƙiba da hawan jini da ke tashi da ciwon kai, wannan ya ninka nakolefsi yawa nesa ba kusa ba kuma yana da na'urar da ke gyara shi. Sai ƙarancin jini, raunin halittar maƙoshi da ake kira tayiroid, sukari, damuwa, magungunan mura da na ƙaiƙayi. Akwai kuma wani ciwon yawan barcin daban wanda mai shi zai yi awa goma sha ɗaya ya tashi kamar an yi masa duka, shi ma likitan barci ne ke ganewa.

Ana warkewa? Zai iya tuƙi?

Ƙwayoyin da suka tafi ba sa dawowa, amma ana rayuwa da shi sosai. Akwai masu riƙe mutum a farke irin su modafinil da metilfenidet da fitolisan, akwai masu rage zubewa irin su benlafaksin, akwai sodiyam oksibet da ake sha da dare, kamfanin Takeda na Jafan kuma ya yi gwajin wanda ke yin aikin oreksin ɗin kansa. Mata ku sani modafinil na rage ƙarfin ƙwayar tsarin iyali kuma ba a son sa da ciki, a faɗa wa likita. Ƙailula ta minti 15 zuwa 20 ma magani ce, autanmu yana yin ɗaya bayan Azahar ɗaya kafin Magariba, ya tashi garau.

Tuƙi kuwa sai likita ya yarda, kuma kafin a gano a fara magani a ajiye makulli. Mutanenmu da yawa da tuƙi suke ci, Jidda zuwa Makka, Makka zuwa Madina sama da kilomita 400 titi miƙe ba kwana ga sanyin mukayyif, wato AC, na san abin da nake faɗa nauyi ne ga mai iyali amma daƙiƙa uku ta isa. Autanmu yanzu a shagon waya yake, mai shagon ya san da zancen ya ajiye masa kujera a baya.

Yawancin magungunan nan suna cikin waɗanda hukuma ke sa wa ido, in za a yi tafiya da su ko wani zai shigo da su a riƙe takardar likita da rahoton asibiti a kwalinsu na asali, kar a ba wani alhaji saƙo a jaka.

Ina za mu fara, me za mu riƙe?

Ku fara da likitan iyali ku nemi tahawil, wato takardar turawa, zuwa likitan barci, yawanci suna ƙarƙashin sashen ƙirji ko na ƙwaƙwalwa, yara kuma likitan ƙwaƙwalwar yara. Manyan asibitocin Jidda da Riyad suna da ɗakunan barci, a Riyad akwai cibiyar barci ta Jami'ar Sarki Sa'ud inda Farfesa Ahmad Bahammam ya daɗe yana bincike har a kan barcin masu azumi. Ku riƙe littafin da kuka rubuta barcin sati biyu, da bidiyon zubewar in akwai, da kwalayen duk maganin da yake sha har na gargajiya, kuma wanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi ya bi ku don shi ya san minsharin da surutan dare. In Larabcin bai zauna ba ku tafi da mai fassara, ku ce masa ya faɗi kalmar "yana zubewa in ya yi dariya" yadda take, kar ya mayar da ita "yana suma".